Zakaran Auta

Ni ban taɓa sha'awar kiwon kaji ba. Birkila ne ni, abin da na sani bulo da siminti, kuma in na dawo gida da yamma bayana na ciwo, ba na son komai sai ruwan wanka da tuwo da shiru. Kaji sun shigo gidana ne tare da mahaifiyata, shekarar da ƙafafunta suka gaza zuwa gona muka ɗauko ta daga ƙauyenmu na hanyar Doma muka kawo ta Lafia. Kayanta ba su cika bayan a-kori-kura ba. Tabarma, tukwane, buhun tufafi, sai wani kwando da aka rufe da tsohon gidan sauro, kaji na leƙowa ta inda ya yage.

Na ce, "Inna, waɗannan kuma ina za mu sa su?"

Ta ce, "Inda ka sa ni."

Gidan nawa rabin fuloti ne. Ɗakuna a jere, sai ɗan fili a baya tsakanin banɗaki da katangar maƙwabta, wanda in matata ta yi shanya ya cika. Akwai mangwaro guda a kusurwa. Nan na haɗa akurki da ragowar bulo da tsohon kwano, na ce ai shi ke nan, an gama.

Ashe Inna tana da wata al'ada da ta taso da ita a gidansu, wadda na sani tun ina yaro amma ban taɓa tunanin nauyinta ba. In kaza ta ƙyanƙyashe, sai ta jira 'yan tsakin su ɗan tasa. Wanda zanko ya fara fito masa, ta gane namiji ne, sai ta kama shi ta ambaci ɗaya daga cikin 'ya'yanta da ke nesa. Daga ranar ya zama nasa. Ba a sayar da shi, ba a yanka wa baƙo, ko da Sallah ce ta zo babu nama a gidan. Yana nan sai ranar da mai shi ya tako ya shigo, sannan a yanka masa.

A ƙauye wannan ba ya damun kowa. Fili ne iyakar ganinka, kowane zakara ya ja kajinsa ya nufi nasa jujin, ba sa haɗuwa sai magariba. Kuma a zamanin da ta saba, wanda ya yi nisa shi ne wanda ya tafi Agyaragu ko Keana. Kafin zakara ya yi ƙwari, mai shi ya zo ya ci abinsa.

A bayan gidana kuwa, zakaru uku ne a fili ɗaya da 'yan kajin da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Farin na ƙanwata ne da ke aure a Keana. Wake-waken na ƙanena ne mai tuƙin tifa a wajen Abuja. Jan kuma na auta ne, wanda ya tafi Legas neman aiki tun kafin mu ɗauko Inna, bai sake leƙo gida ba.

Direban ba shi da matsala. Duk sanda kaya suka biyo da shi ta Lafia sai ya tsaya, a yanka masa nasa, ya ci ya lashe hannu ya ce miyar Inna babu irinta a Abuja, ya wuce. Inna ta sa masa wani a cikin sababbin 'yan tsaki. Nasa kullum sabo ne. Na auta ne yake ta girma, farcen nan na bayan ƙafarsa yana tsawo yana lanƙwashewa.

Wanda bai yi kiwo a matsattsen wuri ba ba zai gane abin da zakaru ke yi wa kaji ba in sun yi musu yawa. Kaza ba ta samun sukunin tsattsagar tsaki. Wannan ya sauka, wancan ya hau. Bayansu ya fige tas, fata ja a waje kamar an zuba musu ruwan zafi, ƙeyarsu duk miki. Wata ma ta daina saukowa daga kan mangwaro sai yunwa ta kore ta. Ga ƙwai ana yi, amma wadda ta kwanta a kai ba sa barin ta, rabi ya zama baragurbi. Ga cara. Ni da na ɗauka zakara da asuba yake cara. Ƙarya ne. In sun kai uku, ɗaya ya yi, sauran sai sun amsa, hantsi ne ko azahar.

Maƙwabciyata wata mata ce Eggon, mijinta gadi yake yi, da rana yake barci. Wata rana ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Oga birkila, abeg, wannan kaji naka ba ya da agogo? Maigidana ya ce in ya kama ɗaya, farfesu ne."

Na ce, "Madam, ba nawa ba ne. Masu su suna Abuja da Legas."

Ta ce, "To ka sa su a mota su bi masu su mana."

Matata ta yi dariya har da riƙe ciki. Da muka shiga ɗaki kuma sai ta daina dariyar, ta ce, "Maigida, gaskiya ta faɗa. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Ka yi wa Inna magana, ko ɗaya a rage."

Na yi mata. Tana zaune bakin ƙofarta tana ɓarar egusi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wanne za ka yanka? Faɗa mini wanda ka cire daga cikin ƙannenka."

Ban sake tayar da zancen ba.

Duk da haka a lokacin akwai wani tsari da ban lura da shi ba sai da ya rushe. Farin shi ne babba. Ba ya yawan faɗa, tsayuwa kawai yake yi ya miƙe wuya, sauran su kauce. Shi ke fara cara, sai jan ya bi, sai na direba. In an watsa dawa shi ke fara kiran kaji. In ƙananan biyu suka fara kallon juna suna tayar da gashin wuya, sai ya ratsa tsakaninsu, magana ta mutu. Ni ina ganin ƙarin baki ne kawai mai cin dusa.

Sai ƙanwata ta zo daga Keana, da ƙullin gishirin garinsu da 'ya'yanta. Inna ta ce a kama farin. Wallahi da murna na wasa wuƙa. Na ce a raina an rage mugun iri, saura biyu. Aka ci aka sha, ƙanwata ta kwana biyu ta koma.

Washegarin tafiyarta na fito alwala na tarar da jini a jikin bulon akurki. A lokacin na direba wani baƙin saurayi ne mai dogayen ƙafafu, bai daɗe da fara cara ba. Da farin yana nan ko kusa da kwanon ruwa ba ya zuwa sai kowa ya sha. Yanzu ya ga babu kowa a gabansa sai tsoho. Jan kuma yana ganin sarauta gadonsa ce. Suka kwana suka wuni suna abu ɗaya. In na raba su na juya baya, sun koma. Na yi aiki a gine-gine da yawa, na ga yadda leburori ke yi ranar da aka sallami fomanin da kowa ke zagi. Sai a ranar ake gane abin da yake tarewa.

Na ce to ai ni magini ne. Na samo ragar waya a wurin aiki, na raba filin biyu, ja a nan, baƙi a can, na raba musu kajin. Na tsaya ina kallon aikina ina jin daɗi. Kafin la'asar sun tsaya ƙirji da ƙirji, waya a tsakani, suna saran juna ta ramukan. Wayar ma ta fi yi musu illa fiye da bakinsu, duk ta yayyanka musu zanko. Inna ta dafa bango ta zo ta duba, ta ce, "Kai da ka raba su ka bar musu ido? Ai ido ne faɗan."

Na cire ragar na jera tsofaffin kwanukan rufi, na tokare da itace da duwatsu, yadda ba mai ganin wani. Faɗa ya tsaya. Amma gefe ɗaya ne ke da inuwar mangwaro, ɗaya gefen rana ce zalla, kuma ranar Lafia a watan bazara ba ta wasa. Dole aka koma karɓa-karɓa. Da safe kafin in fita in kama wannan in kai can, in dawo da wancan nan. Da rana matata ta sake musanya su. Kajin kuma a bar su su huta wuni guda babu namiji ko ɗaya, zakarun a kife kowanne da kwando a ɗora dutse. Mutum da furfura a gemu, ina bin zakara a bayan banɗaki da sassafe, yara na dariya, ina isa wurin aiki da kashin kaji a wando.

Bayan kajin ya fara toho, wannan gaskiya ne. Ƙwai ma ya fara ƙyanƙyasuwa. Sai dai jan ya daina cara.

Ba ciwo yake ba, yana ci yana sha. In baƙin ya yi cara daga bayan kwano, sai ya ɗaga kai kamar zai amsa, ya buɗe baki, ya fasa, ya koma tsattsaga. Inna idonta ya yi rauni a lokacin, amma kunnenta garau. Ta ce, "Ban ji na auta ba yau." Na ce wataƙila mura ce. Washegari ta sake faɗa. Rana ta uku ta ce in kira mata auta a waya.

Auta ba mugun yaro ba ne, kada a fahimce ni ba daidai ba. Yana ɗauka in an kira. Yana gaishe ta da ladabi, ya tambayi ƙafafunta, ya ce ta riƙa shafa man zafi. In ta ce yaushe, sai ya ce bayan Sallah. Sallah ta wuce, ya ce ƙarshen shekara in an ba su hutu. Ni na san abin da ke riƙe da shi, don wata rana da na matsa masa ya faɗa mini. Ya ce, "Yaya, da wane ido zan shigo? Shekara nawa, in zo hannu Rabbana, yaran unguwa su tare ni in rasa ko biskit?"

Na ce, "Kai, wa ya tambaye ka biskit? Tsohuwa fuskarka take so. Zakaranka ya tsufa har ya daina cara."

Ya yi dariya ya ce, "Yaya ke nan. Ku ci abinku mana, na yafe."

Na ce, "Ba a yafe wannan ta waya. Ka zo ka faɗa mata da bakinka."

Ya ce in sha Allahu. Ban gaya wa Inna ya ce ya yafe ba. Ba naman ne ya dame ta ba, kuma shi ma ya sani.

Maƙwabciyata da ta ji labarin wajen matata, sai ta kawo shawara. Ta ce, "Oga, ka je kasuwa ka sayo ja mai ƙarfi, ka sa a wurin. Mama ba ya gani sosai. Wannan tsoho kuma ku ba ni, ni ba ni da al'ada."

Na ce, "Madam, matar da ta san muryar kowace kaza a gidan nan? Cara ɗaya zai yi ta kama ni."

Ta ce, "To Allah ya kawo ɗan Legas." Daga ranar kuma ba ta ƙara yin ƙorafin cara ba, har ɓawon doya take miƙo mana ta katanga.

Na sha zama a kan bulo bayan la'asar ina kallon jan nan. Ina tunanin abin da ya ci na dawa da dusa, da kajin da suka wahala saboda shi, da safiyoyin da na makara. In ce ina jin tausayinsa, ban yi gaskiya ba. Haushi nake ji, nasa da na mai shi. Amma na gane muddin yana yawo a filin nan, a wurin Inna auta yana hanya. Ba ta taɓa cewa tana kewarsa ba, ba halinta ba ne. Sai dai ta ce a ƙara wa jan ruwa, ko ta ɓoye masa gyaɗa a bakin zani.

Farkon damina aka yi wata iska da rana tsaka, irin mai zuwa kafin ruwa, ta ɗaga kwanukan da na jera ta watsar, zakarun suka haɗu. Ina wurin aiki, matata ta tafi ɗauko yara daga makaranta. Inna kaɗai ce a gida. Ta ji abin da ke faruwa, ta fito da sandarta, amma kafin ta lallaɓa ta kai bayan gida an gama. Na dawo na same ta zaune a ƙasa a jiƙe, jan a cinyarta, ta rufe shi da gefen mayafi. Ido ɗaya ya tafi. Kansa ya kumbura, ba ka gane zanko daga fuska.

Matata ta wanke masa da ruwan gishiri mai ɗumi, ta shafa man kaɗanya. Na ce a raina ba zai kwana ba. Ya kwana. Muka ɗaure shi da tsumma a ƙafa a bakin ƙofar Inna, nesa da sauran. Nan ya zauna kwanaki, yana juya kai gefe guda in zai ga ƙwayar dawa, yana sara yana kuskure. Inna na zaune kusa da shi tana tura masa da yatsa. In baƙin ya yi cara a baya, sai ya lafe a jikin bango.

Ran wata Juma'a bayan na dawo masallaci ta ce in kira auta. Na kira na miƙa mata. Ba ta bari ya gama gaisuwa ba.

Ta ce, "Auta, tambaya ɗaya zan yi maka. Kana zuwa kafin a ci sabuwar doya, ko ba ka zuwa?"

Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa daga inda nake tsaye. Yana cewa Inna ki gane, aiki ne, ogansu ne, in Allah ya yarda da zarar abubuwa sun daidaita. Ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "To. Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare ka a inda kake." Ta miƙo mini wayar. Ba ta yi kuka ba. Ta ce matata ta kawo mata goro.

Da safe na ɗauki cokalin gini da guduma zan fita, ta kira ni. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, tun ina yaro "kai" ne ko "wannan". Ta ce, "Kai, ajiye kayan nan. Ɗauko wuƙa."

Na ce, "Inna, a bari mana. Ya fara warkewa. Wataƙila yaron nan..."

Ta ce, "Na ce ɗauko wuƙa. An wahalar da dabbar Allah ya isa."

Na ce, "To wa zai ci?"

Ta ce, "Wanda ke gida."

Na kai shi gindin mangwaro, na fuskanci alƙibla, na yi bisimilla. Bai yi wani motsi sosai ba. Matata ta zo za ta karɓa ta fige, Inna ta ce a'a, a kawo mata ruwan zafi nan inda take. Da hannunta ta fige shi, tana lalube. Da kanta ta zauna gaban murhu, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta hana a sa a kan gas. Tsohon zakara ba ya nuna da wuri. Tun hantsi yake kan wuta har aka yi azahar, tana ƙara ruwa tana tura itace, hayaƙi na sa ta hawaye, ko kuma dai hayaƙin ne na ce.

Ta zuba wa yara nasu, ta ba matata, ta ce a miƙa wa maƙwabciya ta katanga. Sannan ta sa cinya da ƙirji da ƙundu a kwanon nan mai murfi da take ajiye wa baƙi, ta ce matata ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta, ba a tsakar gida inda na saba ci ba. A gidanmu ƙundu na mai zakara ne. Na kai shekara hamsin a duniya, na yanka wa ƙannena zakaru ban san iyaka ba, ba a taɓa rufe mini kwano a ɗakin nan ba. Ban taɓa jin haushin hakan ba, don wanda ke gida ba a jiran sa.

Na zauna na buɗe. Ita ta zauna bakin gado ta ba ni gefe, tana kallon ƙofa, kamar yadda uwa ke yi wa ɗan fari. Naman tauri kamar igiyar guga, haƙorana kuma ba na da ba ne. Na ci a hankali. Na ce, "Inna, ke ba za ki taɓa ba?"

Ta ce, "Ci abinka. Ni na ƙoshi."

Na cinye tas har romon, don na ga tana sauraron ƙarar kwanon.

Auta bai zo ba har yau da nake wannan rubutu. Yana kira, tana amsawa, tana tambayar lafiyarsa da ko yana cin abinci, ta sa masa albarka. Ba ta ƙara ce masa yaushe ba.